Ƙawar Inna ta Filin Golf

Likita ne ya tura ni filin golf. Ciwon suga ya kama ni, ya ce lallai in dinga tafiyar ƙasa, ni kuwa ba zan iya zagaya unguwa da takalmin gudu yara suna bi na da ido ba. Wata abokiyar aikina ce ta kai ni kulob ɗinsu. Da na je ƙauyenmu, can gefen Makoda, na ba Inna labari, sai da ta sa na maimaita.

"Wato ki bugi abu da sanda, ki bi shi, in kin same shi ki sake bugunsa?"

Na ce haka ne.

"Allah ya kyauta. Mu muna neman mai ɗauke mana tafiyar gona, ku kuna neman inda za a ba ku ita."

Mu matan kulob ɗin ba mu da yawa, amma akwai mu da surutu. Rabinmu ma shayin da ake sha a rumfa bayan wasa ne yake kawo mu. A nan ake sanin wadda ɗanta ya gama karatu da wadda mijinta ya fara sabon gini a ɓoye. Sau ɗaya a shekara, in ruwa ya ɗauke, mukan yi gasar taimako. A buga, a ba da kofi, a yi liyafa, a yi gwanjon atamfa da turaren wuta, abin da aka tara a kai shi wani ƙauye. Dokarmu ita ce ba a maimaita ƙauye, don kowa ya samu. Na yi ta naci har wata shekara aka zaɓi namu, aka gyara ɗakin haihuwar ƙaramin asibitinmu da rufinsa yake zuba.

Shugabarmu a lokacin, wadda muke kira Kyaftin, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata ce. Doguwa, mai murya. Bugunta ba ya nisa amma ba ya karkata, kuma za ta gyara miki tsayuwa ko ba ki tambaye ta ba. Mun sha haɗuwa da ita, don ni ma bakina ba ya shiru. Duk da haka ina sonta, har yau.

Ranar buɗe ɗakin an yi rana, maza kuma suka samu lasifika suka ƙi saki. Ana cikin jawabi jiri ya ɗebi Kyaftin. Gidanmu ne mafi kusa, na kama ta na kai ta ɗakin Inna, na koma wajen taro. Da na dawo bayan azahar, tun daga zaure nake jin dariya. Na tarar da Kyaftin a kan tabarma, ba takalmi, ƙwaryar fura a gefenta, tana taya Inna ɓarar gyaɗa. Idanunsu duka sun yi ja. Sai a mota Kyaftin ta gaya mini cewa hirar 'ya'yansu suka yi. Ita ta rasa ɗa saurayi a hanyar Zariya, Inna kuma ta rasa ƙanena, mai bi mini, yana gab da aure. Mu da muke cikin gidan ba mu taɓa jin Inna ta yi zancensa ba tun da aka kai shi. Na ji kishi ranar, ba zan ɓoye ba.

Da na sake zuwa gida sai Inna ta miƙo mini ƙullin goro a cikin sabon ɗankwali. Ta ce in kai wa baƙuwarta, tana neman ƙawance.

A wajenmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mace takan zaɓi ƙawa ɗaya, a kai goro, kowa ya shaida. Daga nan bikinki nata ne, mutuwarki tata ce, ita ke zama kusa da ke a ranar da ba kya iya ɗaga kai. Ƙawar Inna ta ƙuruciya ta daɗe da rasuwa, kuma ba ta sake ɗaukar wata ba.

A rumfa na ba Kyaftin saƙon. Ta yi murna ƙwarai, ta ɗaura ɗankwalin a kan hular wasanta, ta raba goron ga matan da ba su ma iya cinsa ba. Na ce, "Hajiya, abin nan fa yana da nauyi a wajenmu." Ta ce ta sani, kakarta ma tana da ƙawa irin wannan. Ta aika da turmin atamfa, ta ce in gaya wa Inna ta karɓa, kuma tana nan zuwa. Na yarda da gaske take. Ba ta taɓa faɗar abin da ba ta nufi ba.

Daga nan na zama 'yar aike. Da damina ƙwan zabi, da kaka sabon gero da gyaɗa, da rani kuka da daddawa. Bayan motata ya koma warin daddawa, jakar sandunana ma ta ɗauka. Kyaftin kuma ta aiko da sabulu, da turare, da man zafi na gwiwa. Kullum saƙonta ɗaya ne: bayan gasa za ta zo. Amma bayan gasa akwai wani ƙauyen da za a kai wa taimako, sannan Umra, sannan haihuwar jika, sannan ita ma gwiwarta. Mun gwada waya, kunnen Inna ya yi nauyi, sai dai su yi ta sallama suna amsa wa juna abin da ba a tambaya ba. Inna ta ce a bar abin nan, ƙawa ba a akwati ake jin ta ba.

Duk kaka sai Inna ta sa an yi wa ɗakinta sabon daɓe. Ba ta cewa don wa. Shekaru suka yi ta wucewa haka, abin ya fara ba ni haushi. Wata rana na ce mata ta daina wahalar da kanta, mutanen birni ba su da lokaci. Ta dube ni sama da ƙasa, ni da nake da furfura da jikoki, ta ce, "Tsakanina da ƙawata babu ruwan yara."

Sai mijin Kyaftin ya rasu. Na aika gida da labari don kada a ce ban faɗa ba, ban kuma kawo komai a raina ba, don Inna ta daɗe ba ta shiga mota ba. Ranar sadakar uku ina cikin gidan tun safe tare da matan kulob. Mu ke raba abinci, mu ke shigo da manyan baƙi falon da Kyaftin take zaune. Gidan ya cika maƙil. A waje, gindin katanga, an shimfiɗa tabarmi saboda matan da suke zuwa karɓar sadaka.

A kan waɗannan tabarmin Inna ta wuni. Ban sani ba sai bayan makonni, da ciwo ya kwantar da ita, matar ɗan'uwana da ta rako ta ta kasa riƙe maganar. Ta ce Inna da kanta ta daka gumba, ta hana kowa taɓa taɓaryar. Suka hau babur zuwa bakin titi, suka shiga bas, suka yi ta tambaya har suka sami gidan. A ƙofa 'yan matan da ke tsare shiga suka tambaye ta wajen wa ta zo. Ta ce wajen ƙawarta. Suka dubi mayafinta da silifas ɗinta, suka ce, "To Baba, zauna a nan, za a kawo." Suka karɓi ƙwaryar gumbar suka ajiye cikin sauran kaya.

Da ta ambaci sunana da an kira ni. Amma ni ce 'yar fari, tun da ta haife ni ba ta taɓa faɗar sunana ba, ba kuwa za ta fara a ƙofar gidan mutane ba. Matar ɗan'uwana ta ciro waya, Inna ta riƙe mata hannu, ta ce ba a fito da mutum daga zaman makoki. In ƙawarta ta ji ta zo, za ta aiko. Suka zauna har la'asar ta yi sanyi. Aka ba su shinkafa a roba da abin sadaka kamar kowa. Inna ta karɓa ta yi addu'a, suka kama hanya. Tun daga wannan tafiyar ba ta ƙara lafiya ba.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Washegari na koma birni na wuce gidan Kyaftin kai tsaye. Na same ta cikin takaba, ta rame, muryar nan duk ta tafi. Na zayyana mata komai, ban rage ba, ban sassauta ba. Ba ta kare kanta ba. Kuka ta yi, sannan ta miƙe tana neman mayafi, ta ce a kira direba.

Na buga waya gida don a shirya. Ina jin matar ɗan'uwana tana ɗaga murya a kunnen Inna, sannan ta dawo da amsa.

"Ta ce kada ƙawarta ta kuskura ta fito daga gidanta. Ta ce hakkin mijinta ne, ba za a ce ita ta fito da ƙawarta daga takaba ba. Ta ce tana nan, in ta gama ta zo."

Na ce a gaya mata malamai sun yarda a fita in da lalura. Aka gaya mata. Ta ce ita ba lalura ba ce. Kyaftin ta daɗe a tsaye da mayafin a hannu, sannan ta koma ta zauna.

Inna ta rasu saura kaɗan takabar ta cika.

Washegarin fitarta daga takaba Kyaftin ta zo gidana da sassafe, ta ce in kai ta. Ba ta gayyaci kowa daga kulob ba. An gama girbi, gonaki sun yi fili, sai kara a tsaye. A hanya ta tambaye ni wa ya kamata ta fara yi wa gaisuwa. Na ce gwaggona, ƙanwar Baba, ita ce babba a gidan yanzu.

Ba ta samu ta yi gaisuwar ba. Muna shiga gwaggo ta taso da kanta, ta kama hannunta, ta kai ta ɗakin Inna, ta zaunar da ita a inda masu rashi suke zama. Kafin mu sha ruwa labari ya zaga gari. Mata suka fara shigowa, tsofaffi da masu goyo, wasu da ƙullin surfe a hannu. Ni da na rasa uwa suka wuce ni, don ni sun riga sun yi mini tawa. Kowacce ta durƙusa a gaban Kyaftin.

"Sannu Hajiya. Ya haƙuri? Ya rashin ƙawa?"

Ta waiwayo ta dube ni. Na sunkuyar da kai, don ba ni da abin da zan taimaka mata da shi. A hankali ta fara amsawa, "Da godiya."

Can wata tsohuwa, maƙwabciyar Inna, ta shigo da sanda, ta zauna dab da ita, ta dafa gwiwarta.

"Ta ba mu labarin zuwanta gidanki," in ji ta. "Ta ce ƙawarta mai jama'a ce. Ta ce an ba ta abinci, an ba ta na mota, ba a bar ta ta dawo hannu biyu ba. Allah ya saka miki da alheri. Kin riƙe ta."

Duk ɗakin ana jiran Kyaftin ta amsa.

"Amin," ta ce.

Tsohuwar ta matsa, ta bayanta ta durƙusa.