Takalmin da Na Sa Zuwa Wurin Wasan Ruwa

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni wuri a wannan shafi, amma a sakaya sunana da na garinmu. Lokacin da abin ya faru ni budurwa ce a gidan iyayena, a wani ƙauye can wajen Zakirai, inda gona ke manne da gona har mutum ba ya gane ƙarshen gari. Na gama sakandare, ba halin ci gaba, ina taya Inna surfe da kiwon 'yan awakinmu. Shekarun nan ne da komai ya yi tsada, taki ya gagari Baba, tuwo ya koma sau ɗaya a yini a gidaje da yawa. A irin wannan yanayi ba wanda ke maganar sabon takalmi.

Ana gab da Babbar Sallah Kawu, ƙanin Inna da ke sana'ar hatsi a Dawanau, ya aiko cewa zai kai iyalinsa wani wurin wasan ruwa da aka buɗe a gefen birni, kuma yana so in zo in taya matarsa kula da yara. Na yi murna sosai. Matar Kawu ta kira wayar Baba ta ja mini kunne a kan abu ɗaya, wato takalmi. Ta ce ƙasan wurin tayil ne, kullum a jiƙe, kada in sa mai tsini ko na fata, in nemi na roba mai maɗauri a baya wanda ba ya santsi. Ni kuwa silifa ɗaya gare ni, shi ma da ƙusa aka kama hancinsa. Na kasa gaya mata, don kunya.

Sai ga wata dillaliya da ke yawo da kayan gwanjo gida-gida ta shigo mana. Daga ƙasan ƙunshinta ta zaro takalmin roba shuɗi mai maɗauri, kusan sabo, kamar an auna ƙafata. Ta ce ba sai kuɗi ba, za ta karɓi wake kaɗan. Da na juya shi na ga baƙar laka a tsagin ƙasansa, da ɗan zaren gansakuka maƙale a jikin maɗaurin. Inna ta tambaye ta inda ta samo shi, ta ce daga birni, tana kallon wani gefe. Inna ba ta gamsu ba, ta ce in haƙura da silifana. Na yi ta magiya har ta ƙyale ni na karɓa.

Na wanke shi na shanya a kan danga. Rana ta yini a kansa, bayansa ya yi zafi har ba ya taɓuwa, amma da na zura ƙafa sai na ji cikinsa da sanyi da laima. Na sake shanyawa washegari, haka dai. Kuma duk inda na ajiye shi a tsakar gida, in na dawo sai in tarar hancinsa ya juya yamma. Na ce kaji ne ke ture shi.

Ranar da muka je wurin, ban taɓa ganin ruwa mai haske irin wannan ba. Shuɗi ne tas, ana hango ƙasansa. Yara na sulalowa daga sama suna faɗawa ciki da ihu, ga kiɗa, ga masu sayar da ƙanƙara. An ware wa mata da ƙananan yara wuri marar zurfi, iya idon sawu, can gaba kuma akwai babban tafki na manya da aka kewaye da igiya. Ina tsaye riƙe da hannun autar Kawu sai na ji warin laka, irin na kududdufin da ake haƙar ƙasar gini. Na duba, babu laka ko'ina. Daga nan hayaniyar mutane ta fara nisa, kamar an toshe mini kunne da auduga. Na saki hannun yarinyar ba tare da na yi niyya ba.

Wallahi ina sane da komai, amma ƙafafuna tafiya suke yi. Na tsallake igiyar. Ruwan babban tafkin da na gani shuɗi ɗazu ya koma mini kore mai duhu, ga ciyayi na kaɗawa a ƙasa. Ban ji tsoro ba, abin da ke ba ni tsoro ke nan har yau. Ji na yi kawai akwai wadda ta daɗe tana jira a zo a same ta. Sai na taka.

Wata mata mai aiki a wurin ce ta faɗa ta jawo ni da hijabina. Na farfaɗo ina aman ruwa, matar Kawu na kuka tana tofa mini addu'a. Suka yi ta fama su cire mini takalmin, maɗaurin ya ƙi kwancewa, sai da aka sa sabulu aka zame shi. Kawu ya ce jiri ne, ga rana ga rashin cin abinci. Na bar shi a haka. Matarsa ta ƙulle mini takalmin a leda, na dawo gida a cikin nata.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki wata mata daga ƙauyen da ke yamma da mu ta yi sallama gidanmu. Ta rame, muryarta ta dushe. Ta ce 'yarta budurwa ta fita yankan ciyawa tun kafin Sallah ba ta dawo ba. An duba tashoshin mota, an je asibitoci, har an fara zargin wani da ke nemanta da aure. Yanzu gida-gida take bi ko wani ya gan ta. Inna ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo ruwa. Ba ta kai ga sha ba idonta ya faɗa kan takalmin, wanda Inna ta fito da shi daga ledar don ya sha iska. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juyo gare ni a hankali.

"'Yar nan, a ina kika samu takalmin 'yata?"

Inna ce ta ba ta labarin dillaliya. Baba ya je ya sanar da mai unguwa, aka nemo dillaliyar. Da farko ta musa, daga baya ta fashe da kuka ta ce a bakin kududdufin da ke tsakanin garuruwanmu ta tsince shi, an jera shi tsaf yana fuskantar ruwa. Ta yi kira ba a amsa ba, sai ta ɗauka. Da takalmin ya zauna inda yake, da tun ranar an san inda za a duba.

Aka kira masunta suka shiga da igiya, kafin La'asar suka fito da gawar yarinyar daga cikin ciyayin ƙasan ruwa. An ce wanke ƙafa ta je yi, gaɓar ta zame da ita. Na je gaisuwa, na mayar wa uwar da takalmin. Ta karɓa ta ce ba ta riƙe ni da komai ba, Allah ne ya bi ta ƙafata ya nuna mata 'yarta. Wannan magana ta fi mini zafi a kan ta zage ni.

Limaminmu ya ce in riƙe azkar in daina yawan tunani, Allah kaɗai ya san gaibu. Ban sani ba ko jiri ne, ko wani abu ne daban. Abin da na sani shi ne na ga laka, na ga gansakuka, na ji gargaɗin Inna, na kau da kai saboda kada 'yan birni su ga ƙusa a silifana. Yanzu ina da aure da yara, kuma ko rafi ba na iya tsallakewa sai an riƙe mini hannu.

'Yan'uwana mata, talauci ba abin kunya ba ne, ku faɗi gaskiyar abin da kuke da shi. In an kawo muku kaya da arha fiye da ƙima, ku tambayi asalinsa har sai kun gamsu. Wanda kuma ya ga takalmi a jere a bakin ruwa babu mai shi, don Allah kada ya taɓa. Ya ruga ya kira mutane, domin wata uwa na can tana nema.