Tuwon Gayyar Ishiyaku

Duk wanda ya yi noma a Lausu a zamanin da gyaɗa ke tashe, tun Bature bai tattara nasa-ya-nasa ba, ya san Ishiyaku. Gonarsa ba wata babba ba ce, amma ba a gayya sai da shi. Shi ne a kunyar gaba, makaɗi na binsa da ganga. In aka sauke tuwo kuwa, shi ake jira ya fara sa hannu a akushi, sannan kowa ya bi. Wannan sa hannun ya fi masa komai a duniya.

Wata damina matarsa Barira ta ga tabo jaja-jaja a gadon bayansa. Ya ce kyasbi ne, wane manomi ne ba ya yi? Da tabon ya ƙi tafiya, ya kira Dalhatu wanzami ya yi masa ƙaho, a cire mataccen jini.

A ƙofar gida aka yi, mutane na zazzaune. Dalhatu ya tsattsaga wurin da aska. Jini na bin baya, Ishiyaku na ta zuba hira. Can ya waiwaya ya ce, "Dalhatu, wai sai yaushe za ka fara ne?"

Aka yi dariya, aka ce namiji ke nan, ko aska ba ta dame shi. Dalhatu bai yi dariya ba. Ya san fatar da ba ta jin aska, kuturta ce. Da ya gama sai ya zaga bayan gida ya binne ƙahon da ya gada wurin ubansa. An kuwa gan shi, kuma a ƙauye ido ɗaya ya isa.

Aka ce ya je asibitin mishan ya karɓi ƙwaya, ya ƙi, wai zuwa can amsa sunan kuturu ne. Taurin kai ya cuce shi. Kafin ya yarda yatsu sun lanƙwashe, fartanya ta gagara riƙuwa.

Shekarar samun 'yancin kai ciyawa ta cinye gonarsa. Mutanen Lausu, a faɗi gaskiya, ba su yar da shi ba: suka yi masa gayya, har da ganga. Don murna ya yanka akuyarsa, Barira ta tuƙa tuwo, ta zuba man shanu ba ƙyashi. Suka nome gonar tas. Aka jera akussa a gindin ɗorawa.

Sai wannan ya ce azumi yake yi, wancan ya ce cikinsa ba daɗi. Ishiyaku ya ji abin har cikin ransa, amma ya daure. Ya jawo akushi, ya ɗaga faifai, ya yi bisimilla, ya sa hannu kamar yadda aka saba, ya dakata.

Ba hannun da ya biyo. Suka ce Allah ya ba da lafiya, suka saɓa fartanyu suka tafi. Barira ta kwashe sauran akussan a rufe, yadda ta kawo su.

Har ya bar duniya bai sake yarda an yi masa gayya ba.