Ranar da Direkta Ya Miƙo Makullin Motarsa

Ban taɓa mantawa da Litinin ɗin da sabon direktanmu ya kira ni biro, wato ofishinsa, ba. Lokacin ni ne shef na garaj a wani kamfanin sufuri da ke Kossodo, wato ni ke raba wa direbobi motoci da hanyoyi. Ya ce kamfani zai daina ɗaukar kayan duk wanda ya zo, za mu koma jigilar magunguna. Masu kwangilar kuma sun kafa sharaɗi: a sa wa kowace mota na'urar da ke nuna inda take. In kwangilar ta kuɓuce, direbobi da yawa za su zauna gida.

Har ya buga sanarwa da Faransanci zai liƙa a ƙofa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni kwana biyu."

Bayan la'asar na sami Alhaji Mamane a ƙofar gidansa a Zongo. Shi ne dattijon direbobinmu, mutumin Nijar, wanda in ya ajiye makulli kowa zai ajiye.

Da na gaya masa zancen na'urar, ya ce, "Ɗana, tun kana goye nake bin hanya, ko buhu ɗaya bai taɓa ɓata a hannuna ba. Yau da furfurata za a ɗaura mini ƙararrawa kamar akuya?"

Washegari na koma biro, na ba da shawara a fara sa na'urar a motar direkta da babur ɗina, a kafa allon da ke nuna inda muke a farfajiya kowa ya gani. Direkta ya daɗe yana kallona, har na fara tunanin inda zan nemi wani aiki. Sai ya miƙo makullinsa.

Mako guda direbobi na cincirindo a gaban allo. "Ga direkta can a Pissy!" "Shef ya tsaya wajen mai tsire!" Alhaji bai ko murmusa ba. Ranar Asabar ya tari direkta a gaban kowa.

"In mota ta mutu a daji, abin nan zai nuna?"

"Zai nuna, Alhaji."

"To wa zai zo?"

Nan take direkta ya rubuta alkawarin motar agaji, ya sa hannu. Alhaji ya jawo motarsa gaban makaniki da kansa, sauran suka bi layi. Kwangilar ta tabbata, ba a sallami kowa ba.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku riƙe wannan: direba ba ya tsoron sabuwar hanya. Abin da ba ya yarda da shi, a tura shi inda mai turawar ba zai taka ba.