Rumfar Riskuwa mai wayarin

Ranar Litinin da ta wuce ƙungiyar masu gareji ta Bagudo ta yaye kwanon rumfar Malam Riskuwa, ta zubar masa da kayan aiki a rana. Wai rumfar ta tare hanya. Shekara goma sha ɗaya tana nan ba ta tare kowa ba, sai bana. Ni Asama'u mai kifi na san dalili, don bakina ne ya ja masa.

Riskuwa ɗan Matsinkai ne. Da injin ban-ruwa ya fara, a fadamar mahaifinsa, yana kwancewa yana ɗaurewa har ya gane kansa. Daga nan ya ƙetara Benin, ya yi shekara bakwai hannun wani tsohon mai wayarin ɗin mota. Ya dawo da yaren Dandanci a baki, da gilashin ido ɗaure da zare, da wata ɗabi'a da ake yi masa dariya a kanta. Kowace mota aka kawo masa, ko don hon ne kawai, sai ya zauna ya murɗa makulli rabi, ya ƙura wa fitilun gaban direba ido kamar mai duban wata.

Bara na tara abin da na tara na sayi mota hannun Ɗanmusa dillali da ke sayar da motoci a filin ƙungiyar, irin waɗanda ake shigowa da su ta iyaka. Ƙanena Mudassiru ke ja, muna ɗauko banda daga Illo. Gilashin taga ya ƙi sauka, muka kai wa Riskuwa. Ya murɗa makulli, ya ƙura wa fitilun ido.

"Hajiya, wagga mota an ƙwaƙule mata ido guda."

"Malam, gilashi na kawo maka, ba ido ba."

Ya kira ni na leƙa. Ya ce in an murɗa makulli fitilu duka sukan kama su mutu, amma akwai guda da ba ta kama ba, mai hoton mota da layuka biyu a karkace ƙarƙashinta. Ya kwance wurin a gabana. Rami ne kawai, an cire ƙwan fitilar. Ya bayyana mini cewa motar tana da wata na'ura da ke jin lokacin da gindin mota ya fara zamewa, sai ta taka wa taya ɗaya birki da kanta ta miƙar da ita, kafin direba ya ankara. Tawa ta lalace, fitilar tana ta nuna haka, shi ne wani ya ga cire ƙwai ya fi gyara araha.

Da ya faɗi kuɗin gyaran, na ce ko Makka motar za ta kai ni. Kwandon banda huɗu ke nan! Mudassiru ya ce, "Yaya, bar shi. Motocin tasha duka babu mai wannan abu, kuma suna zuwa suna dawowa."

Riskuwa bai yi musu ba. Ya ce, "Ba ta hana ajali, kuma ba ta gyara tsohuwar taya. Amma kin riga kin biya kuɗinta cikin kuɗin mota. In ba ki gyara ba, gaya wa mai jan ki ya san babu ita."

Na biya ina zage-zage. Mako uku ya yi yana jiran kayan daga ƙetare, ni kuwa duk haɗuwarmu sai na tambaye shi ko idon ya warke.

Watan Mayu, lokacin yankan shinkafar rani, muna dawowa da azahar kusa da Kende. Kowa ya san yadda manoma ke shanya shinkafa a gefen kwalta. Wani mai babur ɗauke da buhu biyu ya faɗo hanya ba ko waiwaye. Mudassiru ya kauce, tayoyin dama suka hau shanya. Na ji bayan motar ya tafi, na ga gonar da ke gefe ta dawo gabana. Sai wani ƙara ya tashi ƙarƙashinmu, gur-gur-gur, fitilar nan tana ƙiftawa, motar ta dawo kan hanya kamar an ja ta da igiya. Muka tsaya. Matan da ke juya shinkafa su biyar ne, da ƙafa nake auna tazarar da ta rage tsakaninmu da su. Mudassiru ya zauna a ƙasa ya ce, "Yaya, wallahi ba ni na miƙar da ita ba."

Washegari na kai wa Riskuwa kifi mafi girma da ke kwandona. Ya ce rabi ya ishe shi. A wurin na iske wani direba yana roƙonsa ya dasa masa irin na'urar a tsohuwar motarsa, ko nawa ne. Riskuwa ya ce motar da ba ta zo da ita ba ba a dasa mata, duk wanda ya ce zai yi cin kuɗinsa zai yi, ya je ya sayi tayoyi masu kyau.

Ni kuma ban iya shiru ba. Kasuwar Illo, gidan suna, cikin mota, ko'ina sai na ba da labari. Masu sayen mota suka fara biyowa ta rumfarsa kafin su biya. Ciniki uku na Ɗanmusa ya watse, duka ukun an cire musu ƙwai. Sai ga rumfa ta tare hanya.

Jiya na same shi gindin mangwaro, kayansa cikin buhu, ga damina ta kawo kai. Na ce ya yafe mini. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ke dai rage murya."

Ba zan rage ba. Shugabannin ƙungiya, ku mayar wa Riskuwa da kwanonsa a inda kuka yaye shi, kafin ruwa ya lalata masa kayan aiki. Ku kira Ɗanmusa ya faɗa gaban mutane wa ke cire ƙwan nan. Kuma duk motar da za a sayar a filinku, a murɗa makulli gaban mai saye ya gani da idonsa.