Jan Littafin Mama Tafireta

Shekara ashirin da shida yayata ta yi tana buga takardu a sashen Turanci na jami'a. Da tafireta ta fara, har aka zo zamanin kwamfuta, amma sunan bai sake ta ba: malamai da ɗalibai, kowa Mama Tafireta yake ce mata. Ofishinta ɗan tsukuku ne a ƙarshen baranda, tebur ɗaya, fanka mai kuka, da wata kujerar roba da ɗalibai ke zama a kai su zube mata damuwarsu. Ni ina da shagon hoton takardu a ƙasan benen, don haka abin da zan faɗa ganau ce ni.

Ba ta da digiri, amma wallahi manyan nan da yawa ita ke rufa wa Turancinsu asiri. Malami zai kawo wasiƙa ya tafka kwaɓa a ciki, ta gyara shiru, ya sa hannu yana hura hanci. Na sha ce mata, "Yaya, ki bar su su sha kunyarsu mana!" Sai ta ce, "Ke dai bakinki ba ya hutu. In na tona su, me na ƙaru da shi?"

Ana nan sai ga wani sabon Dakta, matashi mai fara'a, wanda aka ba darasin koyar da rubutun ilimi da Turanci. Ya zo da dabara, kuma ko yanzu da nake jin haushinsa ba zan ce dabarar banza ba ce. Ya ce a tara rubuce-rubucen ɗalibai a zuba a kwamfuta, ita za ta nuna kurakuran da suka fi yawan maimaitawa, sai ya koyar da nahawu daga nan maimakon misalan littattafan waje. Yaya ce za ta buga. Sharaɗi biyu ya gindaya mata. Na farko, ta buga komai yadda ɗalibi ya rubuta, ko waƙafi kada ta gyara. Na biyu, ta cire sunaye, kowa ta ba shi lamba. Suna da lamba suna haɗuwa ne a wuri ɗaya tak, wani jan littafi da ta kulle a durowarta.

Ɗalibai suka ƙi sa hannu a takardar yarda. Wa zai so a kafa hujja da kwaɓarsa? Yaya ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye a ofishin ranar da wata da ake kira Doguwa, wadda kusan kullum a kujerar robar nan take cin abincin rana, ta ce, "Mama, kin fa san Turancina. Kada a yi mini dariya."

Yaya ta ɗaga makullin ta ce, "Ni na ce miki sunanki ba zai fita daga durowar nan ba. Ki saki jiki ki rubuta, 'yata."

Doguwa ta sa hannu, sauran suka biyo ta.

Shekara biyu tana wannan aiki, rubutu sama da ɗari takwas. Ya wahalar da ita ba kaɗan ba, domin yatsunta sun saba gyara da kansu. Sai ta buga daidai, ta ankara, ta goge ta mayar da kuskuren tana tsaki. Aji kuwa ya yi armashi. Dakta zai haska jimla a bango babu suna, a yi dariya tare, har da mai jimlar, a gyara. Yaya har leƙawa take ta taga tana jin daɗi.

Sai sashe ya ga ɗaliban shekarar ƙarshe sun yi wa malamai yawa, aka yanke shawarar a tace, masu raunin rubutu su maimaita shekara. Mu ba mu san da zancen ba. Ranar wata Juma'a Dakta ya leƙo ya ce, "Mama, ara mini jan littafin nan, lambobi biyu ne suka rikice mini." Ta buɗe durowa ta ba shi, har da yi masa addu'a.

Litinin da safe na ga cincirindo a allon sanarwa. Takarda ce doguwa: suna, sai adadin kurakuran mutum, sai jan layi a ƙasa-ƙasa. Mutum arba'in da ɗaya ne a ƙarƙashin layin, Doguwa ta uku a cikinsu. Kai jama'a! Rubutun da aka ce musu su saki jiki su yi, ba jarrabawa ba ce!

Na bi Yaya har ofishin Dakta a fusace. Ita kuwa a sanyaye ta ce, "Dakta, ba haka muka yi ba."

Bai ma ɗago sosai ba ya ce, "Mama, shawarar sashe ce. Takardar da suka sa wa hannu cewa ta yi don inganta koyarwa, kuma wannan ma ingantawa ce. Ni ban yi wa kowa alkawari ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi ƙona mini rai. Da bakin Yaya aka yi alkawarin. Na buɗe baki zan wanke shi tas, ta riƙe mini hannu, ta ɗauki littafinta muka fito. A kan bene ta tsaya ta ce, "Da na gyara musu yadda nake gyara wa manya, da duk sun wuce. Ni na zauna na adana musu kowane kuskure, ɗaya ban bari ya ɓata ba." Ban taɓa ganin hawayenta a wurin aiki ba sai ranar.

Ta rubuta ƙorafi, aka ce za a duba. Har yau ana dubawa.

Bayan wata biyu Dakta, ko kunya babu, ya kawo takardar neman ƙarin girma ta buga masa. Ta buga yadda ya rubuta, ko waƙafi ba ta taɓa ba, ya sa hannu bai karanta ba kamar yadda suka saba. Da na ji, har rawa na taka a shago. Na haura da gudu na ce, "Yaya, yau kam kin huce!"

Ta girgiza kai. "Huce me? Zauna ki ji."

Lokacin cin abincin rana ne. Muka ji taku a baranda, sai ga Doguwa rungume da littattafan shekarar da take maimaitawa. Yaya ta jawo kujerar robar da ƙafa, ta matso da ita bakin ƙofa. Yarinyar ta ɗan rage tafiya, ta russuna cikin ladabi.

"Barka da aiki, Malama," ta ce, ta wuce.