Itacen da Akuya Ta Ƙi

Shekarar da muka tare a gidanmu na Magarya, katangar baya ce ta tsone mini ido. Bulo ne tsirara, ko shafe babu, duk furen da na dasa a gabanta sai ya fito a wulaƙance. Ni kuwa ina son a ce gidan madam ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Wani mai sayar da dashe a bakin hanyar Damagaram ya ce mini lambu kamar hoton ƴan lakwal yake, wato ƴan makaranta, dogaye a baya, gajeru a gaba. Ya ba ni tushe shida na loriye, wani itace mai siraran ganye da jan fure.

"Madam, ko akuya ba ta kusantarsa," in ji shi. "Dafi gare shi tun daga ganye har saiwa. Kar ya shiga bakin kowa."

Na ja wa yarana kunne, na ci gaba da ban ruwa. Cikin shekara uku loriye ya shanye katangar, ƙananan furannina suka fito ras a gabansa. Abokan aikina har hoto suke zuwa ɗauka, ni kuma kaina yana ƙara girma.

Sai Baba, mahaifin maigidana, ya zo daga Kwaya a duba masa ido. Shekara tara da aurena ban taɓa kallon fuskarsa ba. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe shi, in da magana kuma sai in aika yaro. Ranar da abin ya faru maigida ya yi sammako zuwa Waca, yara suna makarantar allo, daga ni sai Baba a gidan.

Ina madafa ina dama koko na hango shi ya nufi katangar baya. A gidansa kullum safe yakan karyi reshen dogon yaro ya yi asuwaki. Ya ɗaga hannu ya karyo na loriye. Ludayin ya tsaya a hannuna. Na ce "Baba" da muryar da ko kazar da ke gindina ba ta ji ba. Ya ciro ƴar wuƙarsa yana fere reshen a hankali. Na saki murfin tukunya ƙasa ko zai waiwayo, bai waiwayo ba. Na leƙa zaure ko wani yaro zai gifta, babu kowa. Da na dawo ya riga ya zauna a tabarma yana tauna, yana yamutsa fuska saboda ɗaci.

Ban san lokacin da na isa gabansa ba, ba mayafi, ba takalmi. Na sa hannu na fizge itacen daga bakinsa, har yatsuna suka taɓa gemunsa.

"Baba, ku tofar. Dafi ne. Don Allah ku tofar."

Ya dube ni, na dube shi. Ranar na fara sanin yana da tabo a gira.

Kabu-kabu biyu, baburan haya, na tsayar muka tafi likita. Kafin mu isa ya yi amai sau biyu. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya riƙe wuyan hannunsa yana duban agogo, sannan ya sa aka ɗaura masa ruwa. Ya juyo gare ni.

"Ya daɗe yana taunawa?"

Na ce ban sani ba.

Wayar maigida ba ta shiga. Na zauna a kan benci ina kallon ƙirjin Baba yana hawa yana sauka, duk sanda ya jinkirta sai nawa numfashin ya tsaya. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, ko a naƙuda. Ina ta tunanin bakin da zan buɗe in gaya wa mutanen Kwaya cewa adon katangata ne ya kashe musu uba.

Sai bayan la'asar majo ya ce bugun zuciyar ya daidaita. Maigida ya iso da ƙurar hanya a jikinsa. Baba bai dube ni ba, ɗansa ya yi wa magana, kamar yadda aka saba.

"Ka tambayar mini matarka, itacen da akuya ta ƙi, me ya kawo shi gidan mutane?" Ya ɗan nisa. "Ka kuma ce mata Allah ya yi mata albarka. Ba don saurinta ba da wata maganar ake yi."

A makon nan na sa aka tumɓuke loriyen duka shida, amalanke ta kai su bayan gari aka binne. Katangar tana nan tsirara har yau. Baba ya ƙara shekara bakwai a duniya, kuma duk baƙon da ya je Kwaya sai ya ba shi labarin saurina. Ban taɓa gaya masa ba, ban gaya wa ɗansa ba, cewa tun bai ciro wuƙar ba nake tsaye ina kallonsa.