Duwatsun Mekuru a Shagon Na'Allah

Duk wanda ya yi aure ko suna a Gaya ta bakin kogin Kwara cikin shekarun nan, da wuya a ce bai taɓa tsayawa gaban kyamarar Na'Allah ba. Shagonsa yana kan hanyar da ke gangarawa gada, inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran tsallaka iyaka zuwa Malanbil. Siririn mutum ne mai ƙarancin magana, idonsa na hagu ya ɗan ƙanƙance saboda yawan runtse shi. Ya fara sana'ar tun ana kai fim wanki Dosso, ya kuma riƙe ta har zamanin da kowa ke da salula a aljihu.

Sau ɗaya tak ya taɓa yin tafiya don hoton abin da ba mutum ba. Abokinsa Bawa, mai jirgin ruwa, ya samu baƙi 'yan yawon buɗe ido da za su haura kogi zuwa gandun dajin W. Ya leƙo shagon ya ce, "Taho ka ga ƙasar Allah, kai da ba ka da aiki sai cewa mutane su ɗaga haɓa." A lokacin daji lafiya lau yake, abin tsoro bai wuce ɓauna ba.

Suka haura har Bumba, inda kogin Mekuru ke zubawa cikin Kwara, daga nan masu gadin daji suka kai su wani kwazazzabo. Na'Allah ya tsaya baki buɗe. Jajayen duwatsu ne hawa-hawa, kamar magini ya jera su ya tafi bai dawo ba. Can ƙasa ruwa ya kwanta kore shar, ba ya ko motsi. Birai suka zauna a kan wani falale suna kallonsu. Ya jira har rana ta faɗo wa duwatsun ta hagu, sannan ya danna.

Da ya dawo, sai ya aika da hoton Kotonu aka buga masa shi a kan babban labule, ya rufe bangon shagon da shi. Sauran masu hoto suna da labulen dogayen benaye da furanni, waɗanda ko makaho ya san na ƙarya ne. Shi kuwa ya zuba jan yashi a ƙasa, ya ajiye duwatsu na gaske a gindin labulen, ya kafa fitila ta hagu don inuwar mutum ta bi inuwar dutse. In ya ɗauke ka, ko wadda ta haife ka sai ta tambaye ka yaushe ka je daji. Wannan shi ne abin alfaharinsa, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Sannu a hankali dajin ya sauya. Baƙi suka daina zuwa, Bawa ya koma jigilar albasa. Aka fara jin cewa masu bindiga sun samu mafaka cikin gandun, suna fitowa a kan babura, fuska naɗe da rawani. A kasuwa mutane suka daina ambaton sunansu, sai dai a ce "mutanen can". Shingayen bincike suka ƙaru a hanya, har salula ake karɓa a duba. Na'Allah yana jin duk wannan, amma bai taɓa haɗa shi da bangon shagonsa ba.

Wata safiya yana share yashin, Ajuma mai tuwo ta shigo ba sallama. Ta girme shi, unguwa ɗaya suka tashi. Ta tsaya tana kallon labulen.

"Yaya Ajuma, lafiya?"

"Sun kama Yazidu."

Yazidu ɗanta ne, magidanci, yana kabu-kabu. Da Sallah ya sayi sabon babur, ya tura shi har cikin shagon, ya naɗa rawanin da ya aro, yana dariya yana cewa, "Baba Na'Allah, ka maishe ni Buzu sosai, matata ta ji tsoro." Na'Allah da kansa ya watsa wa tayoyin yashi don kada su yi sabunta da yawa.

Ajuma ta ce shekaranjiya ya ɗauki fasinja zuwa wajen Tanda, masu tsaro suka tare su a shingen bincike. Fasinjan da aka saki shi ya kawo labari: sun buɗe salular Yazidu, sun ga mutum da rawani a kan babur cikin duwatsun gandu. Yazidu ya rantse musu a shago ne, suka ce ya nuna musu shagon da ke da kogi a ciki.

"Na binne ɗa ɗaya bara," in ji ta. "Wannan ne ya rage mini. Kai ka sa shi cikin dajin nan, ka je ka fito da shi."

Na'Allah ya jingine tsintsiyar. Ya ciro ƙusoshin, ya naɗe labulen, ya zuba yashi a buhu, ya ɗauki fitila da dutse guda. Babu ɗan kabu-kabun da ya yarda ya kai shi har shingen. Wanda ya ɗauke shi ya sauke shi tun da nisa, ya ce, "Baba, daga nan sai ƙafarka."

Masu tsaron suka tsayar da shi da ihu, suka sa ya ajiye kayan ya ja da baya, ya kwance su da kansa. Babbansu, wanda suke kira shef, matashi ne, idanunsa jajaye don rashin barci. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a rataya labulen a jikin mota. Na'Allah ya baza yashin, ya aza dutsen, ya tsayar da ɗaya daga cikinsu, ya ɗauka da salular mutumin. Suka haɗa kai suna kallo. Wani ya yi dariya ya ce, "Kai, ga ka can wajen mutanenka!" Babban bai yi dariya ba.

"Baba, wa ya ɗauki ainihin hoton?"

"Ni ne, shef."

"Ke nan ka san wurin. Wa ya kai ka?"

Na'Allah ya tuna Bawa da albasarsa. Ya ce, "Masu gadin daji ne, tun ana zuwa kallon giwaye. Na manta sunayensu."

Babban ya daɗe yana dubansa. "Mutum nawa ka ɗauka gaban wannan abu?"

"Rabin Gaya, shef."

Mutumin ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Ya ce ya yarda labule ne. Sai dai Yazidu ba ya hannunsu: tun jiya mota ta wuce da shi tare da wasu, kuma inda aka kai su ba wurin da ake zuwa tambaya ba ne. Ya ce zai aika da labulen sama tare da bayani, abin da zai iya ke nan. Aka naɗe shi aka jefa bayan mota. Na'Allah ya ga gefensa ya faɗa cikin baƙin mai.

Da la'asar ya iso gari. Ajuma tana zaune a bencin ƙofar shagon, ba ta ɗora tukunya ba ranar. Ta dubi bayansa, ta ga ba kowa.

"Sun yarda, Yaya," in ji shi. "Sun ce sun yarda."

"To ina yake?"

Ya faɗa mata yadda aka faɗa masa, bai rage ba, bai ƙara ba. Ta gyara mayafinta ta tashi.

Damina ta wuce, wata ta shigo. Na'Allah yana nan a shagonsa, hoton manna wa takardun shaida kawai yake ɗauka yanzu. Duk direban da ya tsaya jiran gada, in ya gane fuskarsa, sai ya bi shi har mota ya roƙe shi ya goge hoton da ya taɓa ɗaukarsa gaban labulen. Wasu su goge, wasu su ce sun riga sun tura wa 'yan'uwa a Kamba ko Kandi. Ajuma kan biyo bayan sallar Juma'a, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Na'Allah, an aiko da labarinsa?"

"Ba a aiko ba tukuna, Yaya."